Zaɓin Magani Idan Sankarar Babban Hanji Ta Bazu Zuwa Hanta Bayan Tiyata: Nazari a Kan Gundumomin Magarya da Dungas

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hanyoyin maganin da ake da su ga mara lafiyar da aka yanke masa sankarar babban hanji, daga baya cutar ta ɓulla a hantarsa, tare da duba yadda kowace hanya za ta yiwu ga mazaunin gundumomin Magarya da Dungas a jihar Damagaram. An ɗauki sakamakon manyan gwaje-gwajen asibiti, aka ɗora shi a kan tsarin tura marasa lafiya na Nijar. Maƙalar ta nuna cewa makomar mara lafiya ta fi rataya a kan bibiyar da aka yi masa bayan tiyatar farko, kuma hanyar magani ba ta shiga lissafi sai idan zai iya kai ta ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Jinin da ya fito daga hanji ba ya komawa zuciya kai tsaye. Yana taruwa ne a jijiyar ƙofar hanta, ya ratsa hanta tukuna. Shi ya sa hanta ta zama zangon farko na ƙwayoyin sankarar da suka ɓalle daga babban hanji, kuma a wasu marasa lafiya ita kaɗai ce zangon. Wannan ɗabi'a ta bambanta sankarar hanji da akasarin sauran sankarori: ko ta kai mataki na huɗu, tana iya tsayawa a gaɓa ɗaya da za a yanke, mutum ya warke.

Ƙiyasin GLOBOCAN na 2022 ya sa wannan cuta ta uku a yawa a duniya, ta biyu a kisa, da kimanin sabbin kamuwa miliyan 1.9 da mutuwar kimanin mutum 900,000 a shekara. Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya ɗaya: idan manomi daga Waca ko Guci, wanda aka yi wa tiyatar hanji bara, ya dawo da tsiro a hanta, waɗanne hanyoyi ke gabansa, kuma wacce ya kamata likita ya fara ambata wa danginsa? An yi amfani da "bazuwar tare" ga tsiron da aka gani lokacin da aka gano cutar, da "bazuwar baya" ga wanda ya ɓulla bayan an yanke tushen. Wannan na biyu shi ne jigon nazarin.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ra'ayi biyu sun daɗe suna danne wannan batu. Na farko shi ne cewa sankarar hanji cutar Turawa ce. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya yi aiki a Yuganda, ya danganta ƙarancinta a karkarar Afirka da cin abinci mai dusa da harza a rubutunsa na 1971. Hasashen yana da ƙamshin gaskiya, amma ya taimaka wajen kafa ɗabi'ar ɗaukar jini a bayan gida a matsayin basir ko atuni har sai hanji ya toshe. Binciken Alatise da abokan aikinsa a kudu maso yammacin Nijeriya, wanda aka buga a 2021, ya nuna marasa lafiyar can sun fi na Amurka ƙuruciya, cutar ta fi kama musu dubura, kuma kashi 28 cikin 100 na tsironsu yana ɗauke da alamar MSI, wato rashin daidaito a ƙwayoyin halittar tsiron, ninki biyu na abin da aka samu a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York.

Ra'ayi na biyu shi ne cewa bazuwa zuwa hanta ƙarshen magana ce. Tarihin tiyatar hanta ya rushe wannan sannu a hankali. Lortat-Jacob ya ba da rahoton cire ɓangaren dama na hanta bisa tsari a Paris a 1952, Couinaud kuma ya fayyace cewa hanta sassa takwas ce, kowane da jijiyoyinsa. Duk da haka, har 1986 Ekberg da abokansa a Suwidin suna ganin kada a yi tiyata idan tsiro ya kai huɗu, ko cutar ta fita wajen hanta, ko ba za a sami ratar santimita 1 ba. A 1999 Fong ya ba da rahoton marasa lafiya 1,001 da aka yanke wa bazuwar hanta a New York: kashi 37 cikin 100 sun kai shekara 5, kashi 22 sun kai shekara 10. A 2004 Adam ya nuna a asibitin Paul Brousse na Faransa cewa daga marasa lafiya 1,104 da tun farko aka ce tsironsu ba ya yankuwa, 138 sun yanku bayan shimiyo, wato maganin sinadari, kuma kashi 33 cikin 100 na waɗannan sun kai shekara 5. Tun daga nan likitoci suka daina ƙirga tsiro, suka koma auna hantar da za ta rage.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka a fili yake. Dukkansu sun ɗauka cewa mara lafiya yana kusa da sikana, da ɗakin awon tsoka, da bankin jini.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin bitar rubuce-rubuce ne, ba a tattara bayanan marasa lafiya ba. An zaɓi gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya cikinsu ta ƙuri'a, da manyan rahotannin tiyata, sannan aka auna kowace hanya da ma'auni uku: amfanin da gwaji ya tabbatar, kayan aiki da ƙwararrun da take buƙata, da ɗorewa, wato yiwuwar mara lafiya ya kammala ta daga inda yake zaune. Ma'auni na uku shi ne gudummawar wannan maƙala.

4.0 Tsokaci

4.1 Muhallin nazari

Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar jihohin Katsina da Jigawa. Gunduma ɗaya ce har 2011 da aka ware Dungas. Ƙidayar 2012 ta ba su sama da mutum 900,000 a haɗe, akasari manoman gero, dawa, wake da gyaɗa. Mara lafiya yana farawa daga ƙaramar cibiyar lafiya ta CSI, a tura shi asibitin gunduma, daga nan Asibitin Ƙasa na Damagaram mai nisan kusan kilomita 100 daga Magarya, daga nan kuma Yamai, wasu kusan kilomita 900, inda Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara take, wadda aka ƙaddamar da sashenta na gashi a 2021.

Ƙarfin tsarin lafiyar yankin ya karkata ga yara, kuma da dalili: zazzaɓin sauro da tamowa ne ke cika gadaje duk damina, ƙungiyar likitoci ta MSF ma tana tallafa wa kula da yara a Magarya tun 2005. Tsarin kyautar magani da Nijar ta kafa tsakanin 2005 da 2007 ya shafi tiyatar haihuwa, yara ƴan ƙasa da shekara 5 da sankarar mata. Sankarar hanji ba ta ciki. Ragin kuɗin asibiti na 2024 ya kawo sauƙi, sai dai kuɗin mota, masauki da cimar mai jinya suna nan a wuyan iyali.

4.2 Tabbatar da cewa bazuwa ce

A Turai, tsiro a hantar wanda aka yi wa tiyatar hanji bazuwa ce sai in an tabbatar da akasin haka. A wannan yanki dole a ƙara taka tsantsan. Nijar tana cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, gubar aflatoksin kuma tana samuwa a gyaɗa da hatsin da suka yi fumfuna a rumbu. Haɗuwar biyun tana haifar da sankarar da tushenta hantar ce kanta. Akwai kuma ƙurjin hanta na amiba, mai zuwa da zazzaɓi, wanda magani mai araha ke warkarwa. Saboda haka awon jini uku ya kamata su tafi tare da hoton eko: CEA mai nuna sankarar hanji, AFP mai nuna sankarar hanta ta asali, da HBsAg mai nuna ciwon hanta nau'in B. Na ƙarshen yana da amfani na biyu, domin shimiyo yana iya tayar da ƙwayar cutar B da ke kwance har hanta ta gaza. Wanda aka samu da ita ana fara ba shi tenofovir ko entecavir kafin zagayen farko.

Eko yana nuna akwai tsiro, amma ba ya isa a yanke shawarar tiyata. Sai an yi sikana na ƙirji da ciki da ƙugu tare da ruwan haskaka jijiya, in da hali a ƙara da hoton IRM na hanta. Idan hoton ya nuna tsiron zai yanku, ba a so a soka allura a ɗebo tsoka, don gudun shuka cutar a hanyar allurar.

4.3 Tiyatar hanta

Ita ce hanyar da ta fi kowacce tabbacin warkarwa. Sharaɗinta a yau shi ne a iya cire duk tsiron da ake gani, a bar hanta mai jini shiga da fita da magudanar ruwan ɗaci, wadda girmanta ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 idan lafiyayya ce, kashi 30 idan ta sha shimiyo, kashi 40 idan ta ƙandare. A nan ciwon hanta nau'in B ya sake shigowa: mutum biyu masu tsiro iri ɗaya a hoto, ɗaya zai jure tiyata, ɗayan ba zai jure ba.

Ma'aunin Fong yana da amfani ga likitan gunduma domin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Maki ɗaya-ɗaya ne ga abubuwa biyar: cutar ta kama kaluluwa a tiyatar farko, bazuwar ta zo kafin wata 12, tsiro ya wuce ɗaya, mafi girma ya wuce santimita 5, CEA ya haura 200. A rahoton Fong, masu maki sifili kashi 60 cikin 100 sun kai shekara 5, masu maki biyar kashi 14. Ma'aunin ba ya hana kowa tiyata, amma yana nuna wa ya kamata a gaggauta turawa, wa kuma ya kamata a fara gwada shi da shimiyo.

Abin da tiyatar ke buƙata ba ƙarami ba ne: likitan da ya saba da hanta, eko a cikin ɗakin tiyata, jini a ajiye, da sashen farfaɗowa. Ba aikin asibitin gunduma ba ne, kuma bai kamata a gwada ba. Dabarun da ke faɗaɗa yiwuwarta, kamar toshe reshen jijiyar ƙofa don ɗaya ɓangaren ya girma, ko tiyata a mataki biyu, sai manyan cibiyoyi. Amma ta fuskar ɗorewa tiyata tana da fifikon da ba a cika ambata ba: tafiya ɗaya ce, jinya ɗaya, kuɗi dunƙule ɗaya da dangi za su iya haɗawa bayan kaka. Ga mai tsiro ɗaya ko biyu a gefen hanta, ita ce hanyar da ta fi dacewa da rayuwar karkara, ko da yake ita ce mafi tsoratarwa a kunne.

4.4 Shimiyo

Ginshiƙinsa fluorouracil ne, maganin da aka haɗa tun 1957, ana haɗa shi da oxaliplatin a tsarin FOLFOX ko da irinotecan a tsarin FOLFIRI. Tsarin CAPOX yana maye gurbin fluorouracil da ƙwayoyin capecitabine na sha. Duk waɗannan suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikin shimiyo ya bambanta gwargwadon rukunin mara lafiya, kuma rashin bayyana wannan ga iyali shi ne tushen asarar dukiya mai yawa.

Ga mai tsiron da zai yanku, gwajin EORTC 40983 na marasa lafiya 364, wanda aka buga a 2008, ya nuna FOLFOX kafin da bayan tiyata yana jinkirta dawowar cuta, amma bibiyar 2013 ba ta nuna ƙarin tsawon rai na a zo a gani ba. Gwajin JCOG0603 na Japan ya zo da sakamako makamancin haka a 2021. Ma'anar wannan ga Magarya babba ce: idan kuɗin iyali ba zai ɗauki biyun ba, tiyata ce gaba. Ga mai tsiron da ya kusa yankuwa, shimiyo gada ce, ana sake hoto bayan wata biyu, a yi tiyata da zarar hanya ta buɗe, don oxaliplatin da irinotecan suna raunana hanta idan aka daɗe a kansu. Ga wanda cutar ta watsu, shimiyo yana ƙara kwana ne da rage wahala. Matsakaicin tsawon rai ya tashi daga kimanin wata 6 ba magani, zuwa wata 12 da fluorouracil, zuwa wata 20 da ɗoriya da haɗin magani biyu a gwajin Tournigand na 2004.

Bambancin FOLFOX da CAPOX a amfani kaɗan ne, a ɗorewa kuwa babba. FOLFOX duk mako biyu ne, da famfon da ke ɗiga magani awa 46 ta bututun da aka dasa a ƙirji, zagaye 12 a wata shida. Idan a Yamai za a karɓa, kowane zagaye kusan kilomita 2,000 ne zuwa da dawowa daga Magarya. CAPOX duk mako uku ne, ƙarin ruwa na ƴan awoyi, zagaye 8, sauran kuma ƙwayoyi ne a gida, safe da yamma bayan cin abinci, kwana 14 a huta 7. Tsarin da wannan maƙala ta fi goyon baya shi ne a yanke shawara a taron ƙwararru, a ba da ruwan a Damagaram, awon jini da lura da illa kuma a yi su a gunduma.

Illolin suna da fuska ta musamman a nan. Capecitabine yana taɓa tafin hannu da na ƙafa. Littattafai suna cewa fata ta yi ja, amma a baƙar fata duhu take ƙarawa, ta yi kauri, ta tsage a gaɓoɓin yatsu, har riƙe ƙotar hauya ya gagara. Ma'aikacin CSI da ke neman ja ba zai gane ba. Oxaliplatin kuma yana sa jijiyoyi su ƙi sanyi: ruwan randa da asubar hunturu yana iya sa yatsu su yi kamar an ja musu lantarki, maƙogwaro ya shaƙe in an sha. Sai a gaya wa mara lafiya tun farko ya ɗumama ruwan alwala da na sha na ƴan kwanaki bayan kowane zagaye. Zawo mai tsanani ko gyambon baki a zagayen farko alama ce ta jiki ba ya narkar da maganin. A dakatar da ƙwayoyin nan take, a kawo shi asibiti, musamman a zafin bazara da ƙishirwa ke saurin taɓa ƙoda.

4.5 Sauran hanyoyi

Ƙona tsiro da allura mai zafi ta fi kowace sabuwar hanya dacewa da yankin. Gwajin CLOCC na marasa lafiya 119 ya nuna kashi 36 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙonawa da shimiyo sun kai shekara 8, a kan kashi 9 na masu shimiyo kaɗai. Gwajin COLLISION na Holan kuma ya nuna ba ta gaza tiyata ba ga tsiron da bai wuce santimita 3 ba, ga ƙarancin kwanciya da zubar jini. Na'ura ɗaya da ƙwararre ɗaya a babban asibiti za su yi aiki mai yawa, sai dai tsiron ƙarami take so, ƙaramin tsiro kuwa bibiya ce ke gano shi.

Magunguna masu saiti, cetuximab da panitumumab, ba sa aiki idan ƙwayar halittar RAS ta sauya, abin da ke faruwa a kusan rabin marasa lafiya; saya ba tare da awon RAS ba zubar da kuɗi ne, gwajin New EPOC na 2014 ma ya nuna cetuximab yana cutar da masu tsiron da zai yanku. Pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, ya ninka lokacin da cuta ke tsayawa daga wata 8.2 zuwa 16.5 a gwajin KEYNOTE-177 na 2020, amma ga masu alamar MSI kawai. Sakamakon Alatise ya sa wannan awo ya cancanci kulawa a Afirka ta Yamma, ko da yake tsadar maganin ta fi ƙarfin kusan kowa. Gashi ba shi da babban gurbi a bazuwar hanta sai da na'ura mai saiti na musamman. Dashen hanta, wanda gwajin TransMet na 2024 ya nuna amfaninsa ga zaɓaɓɓun marasa lafiya, ba ya cikin lissafin wannan yanki a yanzu.

4.6 Yamai ko Kano

Daga Magarya ta Babban Mutum, ko daga Dungas ta Maigatari, Kano tafiyar ƴan awoyi ce, ga harshe ɗaya, ga dangin da za a sauka wurinsu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sanannu ne ga mutanen yankin. Haɗarin wannan hanya shi ne yankewa. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Tiyata tana jure irin wannan, shimiyon wata shida ba ya jurewa. Akwai kuma matsalar takardu: rahoton da aka rubuta da Faransanci a hannun likitan da ya yi karatu da Ingilishi yakan sa a sake awo daga farko. Taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya a harsunan biyu zai rage wannan.

4.7 Kulawar sassauci

Mafi yawan waɗanda za su dawo da ciwon shawara, ko ruwa a ciki, ko suna wuni kwance fiye da rabin yini, sun wuce matakin da shimiyo zai amfane su. Illarsa ce kawai za ta same su. Ga waɗannan, magani shi ne morfin na sha a kan lokaci bisa matakalar rage zafi ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1986, tare da mai sassauta ciki. Dexamethasone ga zafin kumburin hanta. Zuƙe ruwan ciki idan ya hana numfashi. Tramol na kasuwa ba ya maye gurbin morfin, sakiya da tsaga a kan kumburarren ciki kuma suna jawo zubar jini ga wanda hantarsa ta raunana. Duk wannan kulawa za ta yiwu a asibitin gunduma. Wajibi ne likita ya zauna da mara lafiya da wanda ya zaɓa cikin danginsa, ya faɗi manufar magani da kalmomi bayyanannu, kafin a sayar da gona ko shanun huɗa.

4.8 Ranar sallama daga tiyatar farko

Binciken Manfredi na 2006 a yankin Bourgogne na Faransa ya nuna bazuwar baya tana samun kashi 3.7 cikin 100 na masu mataki na ɗaya cikin shekara 5, kashi 13.3 na mataki na biyu, kashi 30.4 na mataki na uku. Sanin mataki kuwa sai da awon tsoka. Inda tiyatar farko ta gaggawa ce saboda toshewar hanji, hankali yana kan ceton rai, abin da aka yanke kuma yana iya ƙarewa a kwalba a hannun ɗan'uwan da bai san darajarsa ba. Ya kamata ya shiga ruwan formol mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka tsokar sau goma, a rubuta suna da kwanan wata, asibiti ya aika da kansa. Daga gare shi ake sanin ko an samu kaluluwa 12 da ake buƙata, daga ajiyayyen gutsurensa kuma za a auna RAS da MSI ko bayan shekara biyu.

Gwajin FACS na Ingila, mai marasa lafiya 1,202, ya nuna a 2014 cewa bibiya da CEA ko sikana ta ninka kusan sau uku yawan waɗanda aka gano da wuri har aka yi musu tiyatar warkarwa, ko da yake bambancin mace-mace bai fito fili ba. Haɗa biyun kuma bai fi ɗaya ba. Ƙa'idojin Faransa, waɗanda likitocin Nijar suka saba da su, sun yarda da eko a madadin sikana wajen bibiya. Ke nan bibiya mai ma'ana tana cikin ikon gunduma: duba jiki da CEA duk wata uku, eko duk wata uku zuwa shida, har shekara uku, domin kusan kashi 80 cikin 100 na dawowar cuta a wannan tsakani take.

Abin da ke karya wannan tsari shi ne mutum ya ji sauƙi. Bazuwar hanta ba ta ciwo sai ta girma, mai lafiya kuwa ba ya barin shuka ko cirani don awo. Saboda haka a rubuta ranakun dawowa a kan katin da zai riƙe, da watan Musulunci tare da na boko, a ɗauki lambar waya biyu, a sanar da shugaban CSI na garinsu, a kuma sa awo ɗaya ya faɗo bayan girbi kafin matasa da magidanta su watse. Idan CEA ya hau sau biyu a jere, ko eko ya nuna tsiro, a tura shi sikana a makon, ba tare da an tsaya gwada maganin hanta na wata uku ba.